Na Tafi Kano Sayo wa Kawu Kwamfuta

Tun da na dawo daga Kano ba ku bar ni na huta ba. Duk wanda ya zo karɓar wayarsa a shagona sai ya jingina da kanta ya ce, "Umaru, ya hanya? Mi kas samo?" Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, kowa ya tafi da guntunsa ya ƙara masa abin da ban faɗa ba. To ga shi nan gaba ɗaya, har da wuraren da ba su yi mini daɗin faɗa ba. Wanda ya ga laifina a ciki, daidai ya gani.

Ga wanda bai san ni ba, shagon cajin waya gare ni a Runjin Sambo, nan cikin Sakkwato, ina kuma tura wa mutane karatu da wa'azi a waya. Bokona bai wuce sakandare ba. Amma saboda ana ganina ina latse-latse, sai unguwa ta yanke cewa na san kwamfuta, ni kuma ban taɓa ƙaryata kowa ba.

Kawuna Malam Buhari, wan mahaifiyata, a unguwar Hubbare yake zaune. Shekara da shekaru shi ke yin tafsirin azumi bayan la'asar a wani ƙaramin masallaci kusa da gidansa. Al'adarsa ce kullum da hantsi ya buɗe littattafai ya duba abin da zai faɗa da yamma, ko da ya san shi kamar sunansa. Bara idonsa ya soma ja da baya. An sake tabarau, an kuma sakewa, har likita ya ce gilashi ya yi iyakar abin da zai iya. Kawu bai yi wa kowa kuka ba, amma ɗalibansa, manyan mutane masu iyali, sun ga yana kai littafi har kan hanci. Da Sha'aban ya kama bana sai ya gaya wa babban ɗalibinsa, Alhaji Ladan mai albasa, cewa in ba zai iya dubawa da safe ba, ba zai zauna da yamma ba, a nemi wani.

Alhaji Ladan ya ji cewa ana samun hoton littattafan nan, a zuba a kwamfuta, a ƙara wa baƙi girma yadda ake so. Ɗalibai suka haɗa abin da ya sawwaƙa, ya kira ni zaurensa.

Ya ce, "Umaru, kai na ɗanai, kuma kai kas san abin ga. Ka samo muna ta ajewa bisa tebur, sabuwa, wadda Malam zai ga baƙi sosai. Amma zancen ido shi tsaya tsakaninmu. Malam bai son a ji."

Na ce to. Ya ce akwai wani shago a Ƙofar Taramniya, in fara dubawa can.

Na ce, "Alhaji, abin da ke Sakkwato ai saura na. Wanda Kano ta ƙi, shi ake turo muna."

Ban taɓa shiga shagon ba, har yau ban san abin da ke cikinsa ba. Gaskiyar magana ban taɓa zuwa Kano ba, kuma ina son a ji a unguwa cewa ni aka aika.

Da sassafe na isa tasha. Direban ya rantse mini mutum ɗaya ya rage mota ta tashi. Na shiga na tarar da kujeru cike da mutane, ashe rabinsu 'yan tasha ne da ake zaunarwa don fasinja ya ga kamar an cika. Duk wanda ya biya, sai ɗaya daga cikinsu ya sauka yana miƙa. Rana ta take kafin mu bar gari. Da na yi magana, direban ya ce in ina sauri in sayi tawa.

An haɗa ni kujera da wata dattijuwa mai kai wa 'yarta man shanu a Gusau. Ta ɗora robar a kan ƙafata ba tare da ta tambaye ni ba, ta ce, "Ɗana, riƙe min, kai ke da ƙarfi." Kafin Talata Mafara zafi ya narkar da man, murfin kuma bai rufu da kyau ba. Farar shaddar da na ɗinka don sallar bara, wadda na sa don Kanawa su ga mutum, ta sha mai daga gwiwa zuwa ƙasa. Da na nuna mata, sai ta duba robar, ba shaddar ba, ta ce, "Kai, ya ragu da yawa."

Ba zan yi ƙarya ba, a motar nan ma bakina bai tsaya ba. Kafin mu wuce Tureta kowa ya san kwamfuta zan sayo. Wani mai jar hula a baya ya ce shi ya san harkar, duk wadda ba ta da nauyi kada in saya, ƙarfin inji a nauyinsa yake. Na gyaɗa kai kamar na riga shi sani. Hirar ta mutu ne da muka shiga dajin da kowa ya san halinsa. Direba ya kashe rediyo, dattijuwa ta fito da tazbaha, mai jar hula ya koma salati. Har muka fita babu wanda ya yi tari. Shingaye kuwa ban ƙirga ba. A kowanne direba ya miƙa hannu ta taga, a ɗaga masa itace, ba wanda ya leƙa ya ga ko mutane ne a ciki ko awaki. In don tsaronmu ake tsayuwar, ban ga tsaron ba.

A Gusau aka tsaya salla da cin abinci. Na ci shinkafa da wake da aka zuba wa yaji kamar ana fushi da ni. A Funtuwa taya ta yi faci, muka zauna gindin wata bishiya muna kallon direba yana zagin jak ɗin ɗaga motar. Sai bayan magariba muka shiga Kano.

Alhaji Ladan ya haɗa ni da wani abokin cinikinsa, Basakkwace mai kai fatu Kano, yana da ɗaki a Fagge. Mutumin kirki ne, ya karɓe ni hannu biyu, ya aika aka sayo mini gurasa da aka jiƙa aka barbaɗe da ƙuli da yaji da albasa. Kanawa suna ji da ita ƙwarai. Ni dai na ci don yunwa, raina yana wurin furar gida. Ɗakin kuwa rabinsa fatun awaki ne a jibge har rufi. Shi ya daina jin warin tun shekaru, har yana tambayata ko in rufe taga saboda sauro. Da gari ya waye, ga man shanu a wando, ga warin fata a riga. Haka na nufi kasuwar da ake sayar da wayoyi da kwamfutoci.

Abin da ya fara ɓata mini rai a Kano shi ne gaisuwa. Mu nan in ka shiga shago sai an tambayi kwana, da gida, da iyali, da gajiya, da zafi, kafin a zo kan abin da ya kawo ka. Can ina cikin "ina kwananku" mutum ya riga ya ce, "Me za a ba ka?" Dillalai kuma tun daga bakin titi suke cafke hannun riga. Wannan ya ja ka gabas, wancan ya ja ka yamma, kowa yana kiranka Alaji alhali bai ma dubi fuskarka ba. Wani har ya karɓe jakata wai zai taya ni riƙewa, sai da na daka masa tsawa.

Na faɗa wani shago don in tsira daga gare su. Mai shagon sunansa Auwalu, matashi ne mai fara'a, ga wasu samari 'yan jami'a zaune a benci suna jiran gyara. Na yi sallama, na yi iya ƙoƙarina in karya harshe irin na Kano.

Auwalu ya yi dariya ya ce, "Sannu da zuwa, mutanen Shehu. Yaushe aka shigo daga Sakkwato?"

Samarin suka dubi juna. Ɗaya ya toshe hanci a hankali, ya yi kamar yana sosawa. Na ji kunya ta rufe ni, kuma daga wannan lokacin na daina tunanin Kawu, na koma tunanin yadda zan fita shagon nan da girmana.

Na ce kwamfutar tebur nake so, sabuwa a kwali.

Ya ce, "Akwai su kala-kala. Wane aiki za a yi da ita?"

Tambayar da ta kamata ke nan, kuma amsarta ba ta fi numfashi ɗaya ba: dattijo ne mai raunin ido zai riƙa karatu. Amma na tuna Alhaji Ladan ya ce zancen ido ya tsaya tsakaninmu. Mu haka aka rene mu, ba ka buɗe raunin babba a gaban baƙo, ko ciwo yake yi sai ka ce yana ɗan hutawa. Na riƙe wannan na ce wa kaina sutura nake yi wa Kawu. Yau da nake rubutu na san ba ita kaɗai ba ce. Ban so samarin nan su ji cewa duk wannan tafiya ta karatun tsoho ce.

Na ce, "Aiki ne mai nauyi."

"Kamar me? Rubutu? Lissafin shago? Ko yara ne za su koya?"

"Muna da kamfani a Sakkwato. Haɗa bidiyo muke yi."

Ban san daga inda maganar ta fito ba. Samarin suka gyara zama. Auwalu ya miƙe tsaye, ya ce a kawo wa Alaji kujera da ruwan sanyi. Ya shiga ciki ya fito rungume da wani baƙin akwati, gefensa gilashi, ya jona shi da wuta. Fankoki suka tashi a ciki, fitilu suka kama, ja ya koma shuɗi, shuɗi ya koma kore. Ya dinga jero mini sunayen kayan cikinsa da lambobinsu, ni kuma ina cewa "ƙwarai" a duk inda ya ja numfashi. Na ɗaga akwatin na ji nauyi, na tuna mai jar hula, hankalina ya kwanta.

Sai aka zo kan monita, wato gilashin da ake kallo. A saman kanta akwai wata babba, faɗinta ya kai tagar ɗaki. Zuciyata ta ce mini ita ce abin da aka aiko ka. Na tambayi kuɗinta. Abin da ke aljihuna ba zai ɗauki akwatin da ita tare ba.

Auwalu ya ce, "In babbar kake so, sai mu sauko da injin. Ga wani ƙarami can, yana buɗe takardu da littattafai lafiya lau, ba ya ma shan wuta. Amma bidiyo kam ba zai ja ba."

Ya nuna mini shi. Ɗan mitsitsi ne, bai fi kwalin sukari biyu ba, babu fitila, babu gilashi. Ɗaya daga cikin samarin ya ce, "Wannan ai na sakatarori ne." Suka yi dariya.

Allah ya ba ni ƙofa a nan, a buɗe, na ƙi shiga. Na ce a bar mini babban akwatin, a haɗa da ƙaramar monita. Na ce a raina ai ana ƙara wa baƙi girma ko a wace iri. Auwalu ya ƙara tambayata sau ɗaya ko na tabbata, na ce ba yau na fara ba.

Dawowa ta fi tafiya wuya. Direban ya so ya cusa kwalin a but ƙarƙashin buhunan wani mai kayan koli, muka yi ta sa-in-sa har mutane suka taru. Ƙarshe na ɗora akwatin a cinyata, monita a tsakanin ƙafafuna. Tun kafin Funtuwa na daina jin ƙafata ta hagu. A kan iyakar wata jiha wasu masu sanda mai ƙusoshi suka tare mu, ba kaki a jikinsu, sai wata riga mai rubutu a baya. Suka ce a sauke kwali. Na nuna rasit, babbansu ya juya shi sama da ƙasa, ya ce wannan na saye ne, ina na wucewa da kaya? Na ce wace doka ce ta ce mutum ya biya don ya ratsa ƙasarsu da abin da ya saya da halalinsa? Ya ce tunda lauya ne ni, a buɗe. Suka yage kwalin a bakin titi, ɗaya ya leƙa ta gilashin ya ce wannan ya yi kama da na'urar da ake kama jirgi da ita. Fasinjoji suka fara yi mini faɗa, wai ina ɓata musu lokaci ga daji a gaba. Ba wanda ya yi wa masu sanda faɗa. Direba ya je gefe da su, ya dawo ya ce in mun isa zan biya shi abin da ya ba su.

Washegari da hantsi na ɗauki keke napep zuwa Hubbare. Na durƙusa na gaida Kawu, ya tambayi hanya, ya tambayi mai masaukina, ya sa mini albarka. Na haɗa komai a ɗakin karatunsa. Gidan ƙaramar sola gare su, ina kunna akwatin sai fankar rufi ta rage gudu, dole aka kashe ta. Fitilun nan suka shiga canza launi a kan bangon da littattafai suke jere. Kawu ya dube su, ya mayar da ido kan gilashin.

Na buɗe littafin da yake so, na fara ƙara girman baƙi.

"Kawu, kana gani?"

"Ƙara kaɗan."

Na ƙara. Na kuma ƙarawa. Sai da ya ce, "Yauwa, na gani," sannan na dubi gilashin da kyau. Kalma biyu ce a kai da rabin ta uku. In zai karanta layi ɗaya sai ya tura shafin gefe, ya tura, ya tura, sannan ya dawo farko ya nemo layi na gaba, in bai ɓace masa ba. Na nuna masa maɓallan. Ya gwada da yatsa ɗaya, shafin ya tsallake ya tafi wani babi.

Ya ce, "Madalla. Ta yi kyawo. Allah shi yi maka albarka, ka sha tahiya."

Na karɓi wannan na tafi gida, na ce wa kaina zai saba. Ku kuma da kuka tambaye ni a ranakun nan, na ce muku an samo mai ƙarfi, irin wadda babu a Sakkwato.

Da azumi ya matso na koma gaishe shi, da hantsi, lokacin da ya saba dubawa. Na tarar an lulluɓe kwamfutar da wani tsohon rawani don ƙura. Kawu yana zaune a kan buzu, hannuwansa a kan gwiwa, babu littafi a gabansa. Ban taɓa ganinsa haka a wannan lokacin ba tun ina yaro. Ya amsa gaisuwata da fara'a, ya tambayi yara.

A zaure na haɗu da Alhaji Ladan. Ya ce Malam ya sa a aika wa wani Malam Sani ya shirya, shi zai zauna bana. Sannan ya ce, "Umaru, duk Kano babu mai babban gilashi?"

Da na ce babu, da ya yarda. Na gaya masa komai, har da kamfanin bidiyo. Na ƙare da cewa shi ne ya ce kada a yi zancen ido.

Ya ce, "Nan nic ce, inda anka san shi. Kano wa ya san Malam?"

Na fita na kira Auwalu, na ce a musanya mini. Ya ce kwali ya yage, kaya sun yi tafiya, ba ya karɓa. Na ɗaga murya, na ce sun cuci baƙo. Ya ce, "Alaji, sau nawa na tambaye ka? Kai ka ce bidiyo." Na kashe wayar ina huci, ina neman wanda zan ɗora wa, ban samu ba.

A gida matata Luba ta ga na ƙi cin tuwo. Na ba ta labari. Ba ta tausaya mini ba ko kaɗan.

Ta ce, "Baban Nana, wai gilashi babba aka nema?"

Na ce e.

"Kai da ke da wanda ya kai ƙofar ɗaki rataye a shago, ƙarti na taruwa suna kallon wasu ƙarti na bin ƙwallo? Ko shi ba ya nuna baƙi, sai gajeren wando?"

Talabijin ɗin da kuke kallon ƙwallo a shagona take nufi. Na yi shekara ina tara kuɗinsa, kuma shi ke kawo mini rabin masu caji. Na ce mata ba a haɗa talabijin da kwamfuta. Ta ce in tambaya, tunda tambaya ba ta kashe kowa a gidanmu ba tukuna. Na tambaya a kasuwa. Ashe waya ɗaya ce ake sakawa a bayan wannan a saka a bayan wancan.

To ku da kuke zuwa kuna ganin ƙusoshi a bango kuna cewa na sayar da shi don na ci bashi a Kano, wasu har suna cewa za su koma caji wani wuri, ga inda yake. Ku koma. Ranar da na kwance shi babu wanda ya kama mini ko gefe ɗaya, kuna tsaye kuna tambayata wasan Asabar fa.

Na kai shi Hubbare a keke napep, na rungume shi kamar mara lafiya. Alhaji Ladan ya taya ni muka ɗora shi a kan tebur, muka jingina da bango. Solar ba ta ɗaukar akwatin da talabijin da fanka tare, don haka har yau Kawu cikin zufa yake karatu, wannan kuma aikina ne. Na jona wayar, na buɗe littafin, na ƙara girman baƙi zuwa inda ya ce ya gani a wancan karon. Layi ya fito cikakke daga dama har hagu, da wasu layuka a ƙarƙashinsa.

Kawu ya matso da buzunsa. Ya gyara tabarau. Leɓɓansa suka fara motsi, sannan murya ta fito, ya karanta layin farko, ya wuce na biyu bai tsaya ba. A na uku ya yi ɗan murmushi, ya ce wa littafin, ba mu ba, "Haka na, haka yac ce."

Ni ina tsaye a gefe, na shirya maganar ban-haƙuri tun daga gida. Na ce, "Kawu, ina son in roƙi gafara, don a Kano..."

Bai juyo ba. Ya ce, "Ladan, a aika ma Malam Sani shi yi haƙuri, bana ma ina zama." Sannan ya ɗaga hannu ya kaɗa shi wajena. "Umaru, matsa can. Kana tare min ƙarshen layi."